Bakancen Alhamis

Ranar Alhamis Hajiya Kaka ba ta kai komai bakinta daga asuba har magariba, amma a ranar ce take girkin da ya fi na kullum daɗi. Azumin bakance take yi. Lokacin da 'yarta Ni'ima take kwance a asibiti, daga ƙashi sai fata, ana ta ɗaura mata ƙarin ruwa saboda ta ƙi abinci har jiki ya gaza, Hajiya ta durƙusa a bakin gado ta yi wa Ubangiji alkawari: in yarinyar nan ta warke ta koma cin abinci kamar 'ya'yan mutane, to ita da shan ruwa da rana a ranar Alhamis har abada. Ni'ima ta tashi. Yau shekara biyu da ɗoriya Hajiya ba ta taɓa fashi ba, ga ta kuwa da olsar da likita ya ce kada ta kuskura ta riƙa zama da yunwa.

Ni'ima takan dawo daga makarantar firamaren da take koyarwa a Rijiyar Lemo ta tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, an rufe kwano da faifai. Yawanci burabusko ne irin na mutanen Barno, wanda Hajiya ta iya tun a gidan iyayenta kafin aure ya kawo ta Fagge, da miyar da ta ji nama da man shanu. Sai uwar ta zauna a gabanta, leɓe a bushe, carbi a hannu, ta zuba mata ido.

"Ci, uwata," haka take kiran ta, don sunan mahaifiyarta aka sa mata. "Masha Allah. Kai, dubi kumatu! Dubi damtse! Wa ya ga Ni'imata bara waccan."

Kada wani ya ce Ni'ima yaudarar uwarta take yi. Tana ci, kuma abin yana zama a cikinta. Ta bar ɓoye tuwo a leda, ta bar cewa ta ci a makaranta alhali ba ta ci ba. Wannan yaƙin an yi shi an gama. Abin da ba wanda ya sani shi ne, jikin da abincin ya gina ba ta iya kallonsa. Wanka take yi idonta a bango. Madubin jikin durowarta ta rataya masa tsohon mayafi, ta ce wa Inna hasken da yake maidowa ne yake damun ta. Kayan da take sawa duk buhu-buhu ne, dogayen riguna da zumbula-zumbulan hijabai, har mutane suna yaba mata kamun kai. In ta zauna ta ji cinyarta ta baje a tabarma, sai wata ƙyama ta taso mata.

Mutanen unguwa kuma, Allah ya shirye su, ba su iya gaisuwa ba sai sun auna mutum da ido. "Ni'ima, an murmure!" "Kai, wannan ƙiba haka, ai sai miji!" Da zuciya ɗaya suke faɗa, shi ne abin haushin, ba ka da wanda za ka riƙe da laifi. Hajiya Kaka kuwa a nan take samun yadda take so. Sai ta ja ta tsaya, ko a tsakiyar layi ne, ta ɗauko labarin tun daga farko: yadda aka ce aljanu ne, aka ce sammu ne, yadda take ɗaukar budurwa guda zuwa banɗaki kamar jaririya, yadda Allah ya ji kukanta. Ta ƙare da hawaye da hamdala. Tun rasuwar maigidanta ba ta da wani farin ciki da ya kai ba da wannan labarin.

A wani suna ne abin ya kai Ni'ima bango. Wata gwaggo ta kama damtsenta a gaban mata ta matsa, ta ce a zo a ga ikon Allah. Da ta dawo gida ta ɗauki kwanon abincinta, ba ta san yadda aka yi ba sai ganin kanta ta yi tsaye a gaban kwandon shara. Ba ta zubar ba. Ta koma ta zauna ta cinye tas, don ta gane hanyar da ƙafarta ta ɗauka, ta taɓa bin ta har kusa da kabari. Washegari ta kira likitan da ya sallame ta, shi kuma ya haɗa ta da wata mata a Sabon Gari, Dakta Uchechi, wadda ba ta allura ba ta ba da ƙwaya, aikinta ta zauna da mutum su yi magana a kan abin da yake cin ransa. Sai aka yi rashin sa'a, ranar Alhamis kaɗai matar take ganin mutane a can.

To ta yaya Ni'ima za ta dubi mai azumi ta ce mata, Inna, zan je wajen likita, ban gama warkewa ba? Ai kamar ta ce mata yunwar da kike sha ta banza ce. Ba za ta iya ba. Sai ta laƙa wa Innocent.

Innocent telan gidansu ne tun mahaifinta yana da rai, shagonsa ma a Sabon Garin yake. Ta ce wa Inna ankon bikin wata abokiyar aikinta aka damƙa mata, ta kai masa. Alhamis ta zagayo ta ce za ta je karɓowa. Ta dawo hannu rabbana ta ce ya ce sai sati mai zuwa. Wa zai yi musu? Tela ya saɓa alkawari ai ba labari ba ne a Kano.

Ɗakin Dakta Uchechi a saman wani kemis yake, kujera biyu da fanka, da tagar da hayaniyar masu sayar da kayan mota take shigowa ta ciki. A Sabon Gari aka haifi matar, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Zuwan farko Ni'ima ba ta iya komai ba sai kuka. A na gaba ne bakinta ya buɗe.

"Wa ya san kina zuwa nan?" in ji Dakta.

"Babu kowa."

"A gida ina kike cewa za ki?"

"Wajen tela." Ni'ima ta sunkuyar da kai. "Dakta, yanzu haka Innata tana can da azumi saboda ni. Ita ta dafa abin da na ci kafin in fito, ko gishirinsa ba ta ɗanɗana ba. Tana gode wa Allah a kan jikin nan, ni kuma na hau Adaidaita Sahu na zo ina gaya miki na tsane shi. Don Allah ni wace irin butulu ce?"

"Ke kika zaɓi ciwon?"

"A'a."

"To wannan ma ragowarsa ce. Mutane da yawa suna komawa cin abinci, amma idon da suke kallon kansu da shi yana nan inda ciwon ya bar shi. Ana aiki a kansa, kuma ana samun sauƙi. Sai dai aikin zai yi mana wuya in kullum daga nan za ki koma inda ake yi miki zancen jiki safe da yamma. Ina so wata rana ki zo mini da Hajiya."

"Gara in daina zuwa," in ji Ni'ima.

Ba ta daina ba, don tana jin amfanin zuwan. Sai dai duk sauƙin da ta samo a saman kemis ɗin, a ƙofar gida yake ƙarewa. Tana shiga Inna za ta dubi hannunta, ta ga ba leda, ta fara.

"Yau ma? Wannan Innocent an yi mutumin banza! Wallahi da ba haka yake ba. Tsufa ne ya zo masa da ƙarya? Ba ni wayar nan in wanke shi tas."

"Inna, ki rabu da shi, kina azumi."

"Azumin ne ma ya cece shi."

Ni'ima takan shige ɗaki ta zauna a bakin gado, kunnuwanta na zafi. Ta sa mai azumi cin naman bawan Allahn da bai ji ba bai gani ba. Ta yi istigfari, ta ƙudura cewa Alhamis mai zuwa za ta faɗi gaskiya. Alhamis ta zo, ta ga busasshen leɓen nan yana yi mata murmushi, ta sake cewa wajen tela za ta.

Ana haka yayanta Abdulhafiz, wanda yake riƙe da shagon mahaifinsu a Kantin Kwari, ya kawo wa Inna sababbin atamfofi ta zaɓa. Ta ɗaga wata koriya mai ratsin ruwan goro, ta kara a kafaɗar Ni'ima, ta ja da baya tana kallo.

"Tunda dai zaryar ba ta ƙare ba, haɗa masa da wannan. Riga da siket nake so, wanda zai zauna miki a jiki. Na gaji da ganin ki cikin buhunan nan kamar mai takaba. Allah ya ba ki jiki, ki bar ni in gani."

Ranar ce Ni'ima ta taka shagon Innocent da gaske. Dattijon ya ɗago daga kan keken ɗinki, tabarau a karan hanci, tef rataye a wuya, ya washe baki.

"A'a, 'yar Alhaji! Yau ke ce a gari? Kwana da yawa. Ya Hajiya?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta gaishe shi ba ta iya haɗa ido da shi ba, ta miƙa atamfar.

Shi Innocent, shekarun da ya yi yana yi wa matan Fagge ɗinki bai taɓa sa wa ɗayarsu tef a jiki ba. Yadda ake yi, mace ta kawo rigar da ta yi mata daidai, ya shimfiɗa a tebur ya ɗauki awo a kanta, in ya gama ya haɗo da ita.

"Kin kawo rigar awo?"

"Na manta."

"Ba komai. Ga madam a ciki, ta gwada ki yanzu-yanzu."

Ni'ima ta dubi tef ɗin nan. A zagaya mata shi a ƙugu, a ɗaga murya a faɗi lamba, wani ya rubuta? Ta ce tana sauri, za ta kawo riga gobe.

A gida ta buɗe durowa ta tsaya. Duk abin da take sawa yanzu babu mai awo, in aka ɗinka da su buhu za a sake samu. Riga ɗaya ce mai kama jiki a ɗakin, tana can ƙasan akwati, ta lokacin ciwo, wadda ta ce wa Inna ta daɗe da bayarwa. Ta san ba za ta shige ta ba, ko hannu ɗaya ba zai wuce ba. Amma da ta ɗaga ta sai ta ji wani sanyi a ranta, irin wanda ba ta so kowa ya san tana ji. Ta ninke ta ta sa a jaka. Dabararta ita ce in an gama ta karɓo ta ɓoye, ta ce tela ya ɓata yadin. Innocent ya ɗauki laifin baya, zai ɗauki wannan ma.

"Wannan ta wace yarinya ce?" in ji shi, da ya shimfiɗa rigar a tebur.

"Ta wata 'yar uwarmu ce."

Sai ga shi Innocent ɗin da ake ta zagi ya gama ɗinki tun kafin ranar da ya sa. Ranar Alhamis ya shiga Kwari sayen yadin shafi, ya ce bari ya hutar da 'yar Alhaji, ya biya shagon Abdulhafiz ya ajiye leda. Abdulhafiz kuwa ya samu dama, ya ce haba Oga, ankon nan fa, yarinya duk ta gaji da zarya. Innocent ya cire tabarau ya ce wane anko?

Yamma liƙis Ni'ima ta dawo daga wajen Dakta. Ta yi sallama ba a amsa ba. Kunun buɗa baki yana kan wuta yana ƙauri ba mai kula shi. Hajiya Kaka tana zaune a tabarma, sabuwar rigar atamfa shimfiɗe a cinyarta, tsohuwar rigar awon a gefenta.

"Daga ina kike?"

"Daga wajen Inno…" Sauran ya maƙale.

"Yayanki ya kawo mini saƙonki, ya ce Innocent bai san da wani anko ba. Wannan bar shi, ni na zagi bawan Allah, ni zan nemi yafiyarsa. Zo nan ki gaya mini wa za ta sa wannan." Ta ɗaga rigar da hannu biyu. "Na san awon nan. Ni na yi wa jikin nan wanka, ni na ɗauke shi a hannuna ba nauyin komai. Kin ce mini kin bayar da waccan rigar. Ni'ima, komawa za ki yi? Kayan da za ki sa kike tanada?"

"A'a, Inna! Wallahi a'a."

"To gidan wa kike zuwa duk Alhamis?"

Ni'ima ta zube a gabanta. Ta faɗi na Dakta Uchechi, da ɗakin saman kemis, da sunan da aka matsa mata damtse, da kwandon shara. Inna tana ji, goshinta a tattare, alamar ba ta gane ba.

"Kina ci?"

"Ina ci."

"Kina zuwa ki fitar?"

"A'a."

"To mene ne kuma? Me ya rage?"

"Inna, ba na iya kallon kaina." Muryarta ta yi ƙasa. Ta san abin da ya rage a bakinta shi ne wanda ta yi watanni tana ƙarya don kada ta faɗa, amma ya riga ya taho. "In kika ce na yi ƙiba, in kika ce a dubi kumatuna, ji nake kamar in bar duniya. In kina ba mutane labarin nan ina tsaye, suna kallona daga sama har ƙasa, wallahi nakan rasa inda zan sa kaina. Na san don Allah kike yi. Na san yunwar da kike sha. Shi ya sa na kasa gaya miki."

Hajiya Kaka ta sauke rigar a hankali.

"Ni?" ta ce. "Bakina ne?"

"Ba ke ba ce, Inna, ciwon ne."

"Kullum sai na faɗa. Kullum."

Aka kira sallar magariba a masallacin layi. Hajiya ba ta motsa ba. Ni'ima ta tashi ta sauke ƙonannen kunun, ta ɗebo ruwa a randa, ta durƙusa ta miƙa mata kofi. Sai da ladan ya kai ƙarshe kofin yana hannunta.

"Don girman Allah, Inna, ki sha."

Ta karɓa ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta tashi ta yi alwala.

Satin nan gidan ya yi shiru. Inna tana girki, tana ajiye kwano, tana amsa gaisuwa, amma magana sai ta dole. Ni'ima ta gwammace a ce zagin ta aka yi. Ta yi ta cewa a ranta da ta sani ta haɗiye abinta, ta ci gaba da zama da shi har ya kashe ta a hankali, da ya fi mata ganin wannan fuskar da ta sa uwarta ta yi. Ranar Alhamis ta gama cin abinci ta ɗauki hijabi, sai ta ga Inna tsaye a bakin ƙofa da mayafinta na unguwa.

"Mu je in ga matar nan."

Sai da suka biya ta shagon Innocent. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama.

"Innocent, na zage ka ba ka sani ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ce maka mutumin banza, na ce tsufa ya zo maka da ƙarya. Ka yafe ni."

"Haba Hajiya! Mu teloli ai mun saba. In ba a zage ni a sati ba sai in ce ko kasuwa ce ta mutu."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ni'ima ta ce masa ita ma ya yafe mata. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, bai tambayi komai ba.

Matakalar kemis ta ba Hajiya wuya, sai da ta huta a tsakiya. Dakta Uchechi ta miƙe ta tarye ta, ta russuna ta gaishe ta, ta ba ta kujerarta. Hajiya ta zauna a gefen kujerar kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

"Likita, an ce ni ce nake tayar wa yarinya da ciwo."

"Ba haka ba ne, Hajiya. Ba don ke ba da ba ta kai yau ba. Abin da kike faɗa mata, a kunnen mai lafiya yabo ne. Ita kunnenta ciwon ya taɓa shi, sai ya juya mata maganar."

"To me zan yi?"

"Ki daina yi mata zancen jikinta, na yabo ko na akasinsa. In wasu suka fara a gabanki, ki tare mata."

"In na kalle ta na ji daɗi fa? In haɗiye?"

"Ki gaya wa Allah. Ita kuma ki tambaye ta ɗalibanta, ki tambaye ta yadda ta wuni."

Hajiya ta ja carbi ɗaya, biyu. "Labarin fa? Yadda Allah ya tashe ta?"

"Shi ma a bar shi, in tana wurin. Na ɗan lokaci, ko ya daɗe, ban sani ba tukuna."

Ni'ima ta saci kallon uwarta ta ga yadda maganar ta sauka. Da cewa aka yi ta ƙara da azumin Litinin da ya fi mata sauƙi. Dakta ta kawo zancen olsa a hankali, ta ce ko za a tambayi malamai a ji in akwai sassauci a bakancen, tunda akwai lalura. Ni'ima ta sa rai.

"Yarinya tana ci ko ba ta ci?" in ji Hajiya.

"Tana ci."

"To alkawari yana nan. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, likita. Ke dai ki yi naki aikin, Allah ya ba ki lada."

Suka hau Adaidaita Sahu. Suka keto cunkoson Fagge, masu dako suna ta ratsawa da dilolin yadi a ka, rana ta yi sanyi. Suna sauka a bakin layinsu wata murya ta rangaɗa salati.

"La'ilaha illallahu! Kaka! Wa nake gani haka?"

Hajiya Zara ce, ƙawar Inna tun ƙuruciya, wadda ta koma Maiduguri wajen ɗanta. Rabonta da Ni'ima tun tana kwance a asibiti ana jiran ta Allah. Ta taho da sauri, mayafi na zamewa, ta riƙe haɓa, tana kallon Ni'ima daga sama har ƙasa.

"Ni'ima ce wannan? Wadda na bari kamar tsinke? Allahu akbar! Dubi yadda ta cika ta batse! Kaka, yaya aka yi? Zauna ki ba ni labari tun daga farko."

A duk Fagge ba a bar mutum ɗaya da bai ji labarin nan ba, ga wadda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ga farkonsa da idonta, tana roƙo a ba ta. Ni'ima ta ga fuskar Inna ta yi haske. Ta ga ta ja numfashi, ta ga bakinta ya buɗe. Har ta sunkuyar da kai ta shirya, ta ce a ranta ki ba ta, Inna, yau ɗaya dai zan jure.

"Zara, sannu da hanya," in ji Hajiya Kaka. "Yaushe a gari? Ya su jikarki Mahbuba?"

"Bar zancen Mahbuba, yarinyar nan nake tambaya! Wannan jiki haka…"

"A bar zancen jikinta."

"Au! Yabo ma laifi ne?"

"A gidana dai. Ki shigo gobe mu gaisa sosai, yau ina da azumi."

Hajiya Zara ta saki baki. Ta dubi uwa, ta dubi 'ya, ta gyara mayafi ta ce to Allah ya ba da haƙuri, ta juya ranta a ɓace. Ƙawancen da ya girmi Ni'ima ne aka yi wa wannan a bakin titi.

Abin da ya fi ci wa Ni'ima rai shi ne, ta ji daɗi. Kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya daidaita, karon farko da aka fara zancen nan aka kashe shi ba a kai ƙarshe ba. Ta ji daɗin, ta kuma ji kunyar jin sa, don ta ga da idonta abin da Inna ta haɗiye.

Suna shiga soro Hajiya Kaka ta dafa bango ta tsaya. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Haka likitar ta ce in yi, ko? Na yi daidai?"

"Kin yi daidai, Inna."

"To alhamdu lillahi." Ta goge ido da bakin mayafi. "Riƙe ni, uwata, jiri nake gani."